Tarihin fitilar radiyo da amsa-kuwwa

 

A jawabin yau za mu ba ku tarihin abubuwa biyu da ke cikin akwatin radiyo. Na ɗaya shi ne na'urar ƙara sauti, wadda masu gyara ke ce wa ampili. Na biyu shi ne amsa-kuwwa, wato lasifika, inda murya ke fitowa. Ku karanta a hankali. Wanda ya san tarihin nan, mai sayarwa ba zai ruɗe shi da yawan lamba ba.

Yadda aka samu fitila

Muryar da ke tafiya cikin waya ko cikin iska ba ta da ƙarfi. A farkon zamanin radiyo, sai mutum ya ɗora abin ji a kunnensa kafin ya ji ta. Shi kaɗai ke ji, sauran mutanen gida suna kallonsa.

A wajajen 1883, a ƙasar Amirka, Thomas Edison yana aiki a kan ƙwan lantarki. Ya sa ɗan ƙarfe a cikin ƙwan, kusa da zaren da ke yin ja. Sai ya ga wuta tana tsallakawa daga zare mai zafi zuwa ƙarfen, alhali ba su taɓa juna ba. A 1904 wani malami a Ingila, John Fleming, ya ɗauki wannan sani ya ƙera fitila mai barin wuta ta bi hanya ɗaya tak. A 1906 Lee de Forest, mutumin Amirka, ya ƙara wata siririyar waya kamar raga tsakanin zaren da ƙarfen. Wannan ita ce fitilar radiyo. Kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta. Ba don haske aka yi ta ba, don murya aka yi ta.

Ga yadda take aiki. Ku tuna da mai ban ruwa a garka. Ruwa mai yawa yana gudu a babbar hanya. Shi kuwa da hannu ɗaya yake buɗe bakin fangali, ya kuma toshe shi. Hannun ƙarami ne, amma shi ke juya ruwan. To, ragar nan ita ce hannun. Ƙaramar murya tana shiga raga. Raga tana buɗe wa babbar wuta hanya, tana ragewa, daidai da hawa da saukar muryar. Ta haka murya ke fitowa da ƙarfin da ya ninka na farko.

Masu wayar tarho ne suka fara cin moriyarta sosai. Injiniyoyinsu suka gyara ta, suka jera ta a kan hanya. A 1915 aka yi magana daga birnin New York zuwa San Francisco, nisan fiye da kilomita 4000.

Ƙarfi kaɗan, dabara mai yawa

Ana auna ƙarfin ampili da wat. Fitilun farko ba su ba da wat mai yawa ba. Wata mai lamba 45, wadda ta fito a 1929, tana ba da kamar wat 2. Wata mai suna 2A3 tana ba da wat 3 da rabi. Shahararriyar cikinsu, 300B, ta kamfanin Western Electric, ta fito a 1938, tana ba da kamar wat 8.

Tun da ƙarfin kaɗan ne, dole a yi tattalinsa. Sai masana suka mai da hankali ga amsa-kuwwa. A 1925 wasu injiniyoyi biyu a Amirka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana irin wanda muka sani yau: takarda mai siffar mazurari, da maganaɗisu, da waya naɗaɗɗiya. Wuta tana motsa wayar, waya tana girgiza takarda, takarda tana tura iska. A 1926 aka fara sayar da shi, tare da ampili na wat 1.

A 1927 majigi mai magana ya fara cika gidajen silima a Amirka. Zaure ne mai ɗaukar mutum 1000 ko fiye, ampili kuwa na wat ƙalilan. Me aka yi? Aka sa ƙaho a bayan allon majigi. Kun san kakakin sarki. Bakinsa na busawa siriri ne, ƙarshensa mai faɗi. Numfashin mutum ɗaya ne, amma ana jin sa har bayan gari. Haka wanda ke kiran ɗan'uwansa daga ƙarshen gona yake kewaye bakinsa da tafin hannu. Ƙahon silima ya kai kusan mita 4, shi ya sa aka lanƙwashe shi don ya samu wurin zama.

Amsa-kuwwa na gida, cikin kashi 100 na wutar da aka ba shi, kamar kashi 1 ne kawai ke zama sauti. Saura zafi ne, ya tafi a banza. Babban ƙaho kuwa yana iya mai da kashi 20 ko fiye. A 1946 wani Ba'amirke, Paul Klipsch, ya fara ƙera ƙaho na ɗaki. Ana ajiye shi a kusurwa, bango biyu da daɓe su zama ƙarashen bakinsa. Lasifikar da kuke gani a kan masallaci da kan motar shela, daga zuriyar ƙahon nan take.

Zamani ya juya

Fitila tana da nata wahala. Tana zafi, tana fashewa, tana cin wuta. Dattawa suna tuna akwatin da sai an kunna an jira ya ɗumama kafin ya yi magana. A 1947 aka ƙirƙiro taransisto a Amirka. Ƙarami ne, ba ya bukatar zare mai zafi. A 1954 aka fara sayar da radiyon aljihu mai aiki da pil.

Mu ma mun ci amfanin wannan. Radiyon Nijar ya fara magana a 1958, aka kafa ƙungiyar radiyo-kulob a 1962. Garuruwan karkara ba su da lantarki. Akwatin taransisto mai pil shi ya kai labari da darasi gindin itace.

Amma ga abin lura. A 1954 ɗin nan, wani mai suna Edgar Villchur ya fito da amsa-kuwwa cikin ƙaramin akwati rufaffe. Yana ba da sauti mai kauri, ba ya cin wuri, sai dai yana cin ƙarfi. Da taransisto ya sa wat ya yi araha, masu ƙira suka bi wannan hanya. A da ampili ƙarami, amsa-kuwwa babba mai tattali. Daga baya ampili babba, amsa-kuwwa ƙarami mai ci.

Fitila ba ta mutu ba. Daga shekarun 1970, masu son sauraren kiɗa a Japan suka shiga neman tsofaffin fitilu da ƙahonin silima. Suka ce muryarsu ta fi daɗi a kunne. Sha'awar ta bazu zuwa Turai da Amirka, har yau ana ƙera ampili na wat 3 ko 8. Wanda ya haɗa shi da ƙaramin akwatin zamani, sai ya ji murya ta shaƙe, ya ce ampili ne ba shi da kyau. Alhali haɗin ne bai dace ba.

Mu yi lissafi

A takardar amsa-kuwwa ana rubuta wata lamba da harufa dB, wato desibel. Tana nuna ƙarar da zai yi idan an ba shi wat 1. Ga ƙa'ida: duk ƙarin desibel 3, sai an ninka wat sau 2.

Mu ɗauki biyu, ɗaya mai 86, ɗaya mai 98. Tsakaninsu desibel 12 ne, wato 3 sau 4. Mu ninka: 2, 4, 8, 16. Mai 86 yana bukatar ƙarfi ninki 16 kafin ya kamo ɗan'uwansa. Wat 3 a kan mai 98 daidai yake da wat 48 a kan mai 86. Kun ga ke nan yawan wat shi kaɗai ba ya gaya muku komai. Hausawa sun ce daidai ruwa, daidai tsaki.

Akwai lamba ta biyu, ita ce om. Yawanci za ku ga 4, ko 8, ko 16. Tana nuna yadda amsa-kuwwa ke tare wa wuta hanya. Ampili na fitila yana da taransifoma a bakin fita, mai daidaita shi da amsa-kuwwa. A bayansa akwai wuraren ɗaura waya, kowane da lambarsa. Mai om 8 a ɗaura shi a 8, mai om 4 a 4.

Gargaɗi biyu. Kada ku kunna ampili na fitila ba tare da amsa-kuwwa a ɗaure ba, taransifoma na iya ƙonewa. Kada kuma ku buɗe cikinsa. Wutar ciki tana kai bolt 300 ko 400, ta fi ta bango mai 220, kuma tana iya zama ciki ko bayan an cire waya. Ku kai wa mai gyara, ku hana yara taɓawa.

Ranar da unguwarku ko ƙungiyarku za ta haɗa kuɗi ta sayi kayan magana, ku tafi da wanda ya iya karatu. Ya duba wat, ya duba desibel, ya duba om, a haɗa a gwada a gabanku kafin ku biya.

Ga tambayoyin da za ku tattauna da malaminku. Wane aiki raga ke yi cikin fitila? Me ya sa aka sa ƙaho a gidan silima? Tsakanin mai desibel 89 da mai 95, ninki nawa ne na wat?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.