Lauya a Iyakar Gobir: Inda Shari'ar Laifi Ke Komawa Maganar Gida

A Ingila, inda Nijeriya ta gaji rigar lauya da gashin kansa, aikin kashi biyu ne: akwai mai tsayawa gaban kotu, akwai mai zama a ofis yana shirya takardu. Nijeriya ba ta ɗauki wannan rabo ba, domin duk wanda ya gama Makarantar Horas da Lauyoyi aka rantsar da shi, ya halatta ya yi duka biyun. Amma akwai wani rabon da lauyoyin birni suka saba da shi, wato wannan na shari'ar laifi ne, wancan na aure da gado. Abin da nake son kafawa shi ne, a ƙasar Isa da Sabon Birni wannan rabo bai da wurin zama, kuma lauyan da ya san kundin tsarin mulki bai san Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, ba, ko ya san Muhtasar bai san tsarin mulki ba, rabin aiki zai iya yi.

Lauya baƙo ne a zauren alƙali. Tun zamanin En'e, har bayan da gwamnatocin jihohi suka karɓe kotunan alƙalai a ƙarshen shekarun 1960, doka ta hana shi tsayawa a can. Tsarin mulkin 1979, da ya ba wanda ake tuhuma 'yancin kawo lauyan da ya zaɓa, shi ya buɗe ƙofar. Ba mamaki ke nan har yau dattijon ƙauye na ɗaukar lauya a matsayin mai sayar da baki, duk da cewa fiƙihun Malikiyya ya san wakilin husuma tun da daɗewa.

Shari'ar da ta fi nuna amfanin sanin dokokin biyu ta faru ne zamanin da Attahiru Ɗalhatu Bafarawa, ɗan ƙaramar hukumar Isa, ke mulkin Sakkwato, tsakanin 1999 da 2007. A watan Oktoba na 2001 Babbar Kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya Hussaini ta Tungar Tudu hukuncin jifa bisa tuhumar zina, ba ta da lauya. A ranar 25 ga Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta sallame ta. Jaridun Turai sun ɗauka hayaniyarsu ce ta cece ta, alhali hujjojin da aka gabatar daga cikin gida suka fito. Lauyoyinta sun nuna cewa abin da ake tuhumarta da shi ya faru kafin dokar da aka hukunta ta da ita ta fara aiki, kuma sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya hana hukunta mutum da dokar da ta zo bayan aikinsa. Sun kuma jingina da janye iƙirari, da mas'alar kwantaccen ciki, wadda a Malikiyya take ba da damar danganta ɗa ga tsohon miji shekaru bayan rabuwa. A duba da kyau: tuhumar laifi ce, amma rabin kariyar daga babin nasaba da idda aka ciro shi.

Irin wannan shari'a mai tara 'yan jarida ba ita ce abincin yau da gobe ba. Abin da ke gaban lauya a gabashin Sakkwato yanzu ya fi shiru, ya kuma fi yawa. A yankin da aka ƙona matafiya cikin mota a Disambar 2021, inda aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun 'yan bindiga a Agustan 2024, kowace sata ta mutum tana barin tambayar fiƙihu a gida. Matar da aka tafi da mijinta daji, shekara ta zagayo babu labari, matar aure ce ko mai takaba? Risala, wani littafin fiƙihun Malikiyya, ta ce matar wanda ya ɓace za ta jira shekara huɗu daga ranar da ta kai ƙara, sannan ta yi iddar mutuwa, wata huɗu da kwana goma, dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da irinsa ba ya wucewa. Amma malaman mazhabar sun bambanta ɓatacce da kamamme, wanda matarsa ba ta da wannan wa'adi na shekara huɗu. To wanda ke hannun 'yan bindiga, wanne ne a ciki? Dokar Shaida ta 2011 kuma tana ƙaddara mutuwa bayan shekara bakwai. Lauya mai basira ba zai bar matar tana ƙirga shekaru ba, zai bi ta ƙofar rashin ciyarwa, wadda ke ba alƙali ikon raba auren cikin ɗan lokaci. Wanda bai karanta babin ba, bai ma san da ƙofar ba.

Ta ɗaya gefen ma haka ne. Wanda aka kama bisa zargin shi infoma ne, ko yana kai wa 'yan bindiga fetur da burodi, sashe na 35 na tsarin mulkin ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya ko biyu. Tunda aka ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a farkon 2022, tuhumar na iya zama ta Babbar Kotun Tarayya, nesa da garinsu. Yana tsare, gonarsa na hannun ƙannensa, surukai sun fara maganar a sakar musu 'ya. Neman belinsa da tsare aurensa aiki ɗaya ne.

Za a ce mutanen nan ba su da kuɗin lauya, kuma sulhu a ƙofar hakimi ko zauren malam ya fi musu sauƙi. Gaskiya ne, ni ma ban raina sulhu ba. Sai dai sulhu na buƙatar gari a zaune, dangi a kusa, shaidu a raye. Wanda ya yi gudun hijira zuwa Gidan Rumji a jihar Maraɗi, shaidun aurensa sun watse, ya kuma faɗa ƙarƙashin kotunan Nijar masu wani tsari daban, takarda ce kaɗai za ta yi masa magana. Hukumar Ba da Agajin Shari'a, da aka kafa a 1976 don marasa hali, a manyan birane ofisoshinta suka fi yawa. Abin da ya kamata Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da reshen ƙungiyar lauyoyi na Sakkwato su sa a gaba shi ne zaman ba da shawara kyauta a Isa da Sabon Birni ranar kasuwa, su fara da matan da mazajensu suka ɓace.