Gadon da ke ƙasan teku: yadda Indiya ta shiga rabo da tsohon jirgin kwasar laka

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a bi ni a sannu.

Ranar 17 ga Janairun 2026 wata sabuwar yarjejeniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara aiki, wadda ta shafi kare halittun da ke rayuwa a sassan teku da ba mallakin kowace ƙasa ba. Labarin bai yi wani tashe a nan ba, muna ta fama da namu matsalolin. Abin da ya ja hankalina a cikinta shi ne babi guda da aka ware kacokan a kan cewa za a taimaka wa ƙasashe masu tasowa da horo da kayan aiki da fasahar binciken teku. Magana mai daɗin ji. Sai dai fa ba wannan ne karon farko da aka yi mana irin wannan alƙawari ba, kuma yadda na farkon ya ƙare ya isa a waiwaye shi.

Na san wani zai ce ina ruwan Bakano ko Bakatsine da ruwan teku. To ai rijiyoyin mai na Bonga, da suka fara aiki a 2005, suna can ne kimanin kilomita 120 daga gaɓa, a inda zurfin ruwa ya haura mita 1,000. Kuɗin wannan mai yana shiga asusun tarayya, daga can ake kasafta wa jihohi, daga nan kuma albashin da ni da kai muke jira a ƙarshen wata yake fitowa. Kun ga da ruwanmu.

Labarin ya faro ne daga wani jirgin ruwan yaƙi na Birtaniya mai suna Challenger, wanda aka sauke yawancin bindigoginsa aka cika shi da kwalabe da igiyoyi da kayan awo. Ya bar Ingila a Disambar 1872, bai dawo ba sai 1876. A wannan tafiya masanan da ke cikinsa sun gano nau'in halittu sama da 4,000 da ba a san da su ba, rahotonsu kuma sai da ya cika manyan littattafai 50. Cikin abubuwan da ƙugiyarsu ta riƙa jawowa daga ƙasan teku akwai wasu baƙaƙen dunƙulallun duwatsu, girmansu kamar dankalin turawa. Da aka bincika sai aka ga curin ma'adinai ne: manganis da nikel da kobalt da tagulla. Yawanci suna zube ne a zurfin mita 4,000 zuwa 6,000, kuma kafin kaurin ɗaya ya ƙaru da 'yan milimitoci sai an yi shekaru miliyan. Aka adana su a gidajen tarihi, aka shafe kusan shekara 90 ba wanda ya ɗauke su a matsayin dukiya.

A 1965 wani Ba'amurke, John Mero, ya fitar da littafi yana lissafa irin arzikin da ke zube a can ƙasa. Nan take idon manyan kamfanoni ya buɗe. Ƙananan ƙasashe, waɗanda yawancinsu ba su daɗe da samun 'yanci ba, suka hango abin da ke tafe: yadda aka yi wawason Afirka a kan taswira, haka za a yi wa ƙasan teku, mai jirgi da na'ura shi ne zai kwashe. Ranar 1 ga Nuwambar 1967 jakadan tsibirin Malta a Majalisar Ɗinkin Duniya, Arvid Pardo, ya miƙe ya shafe sa'o'i yana jawabi. Ƙarshen zancensa shi ne, ƙasan tekun da ke wajen iyakar kowace ƙasa a ɗauke shi gadon dukan 'yan Adam, kada wani ya mallake shi don ya riga kowa isa. A 1970 babban zauren Majalisar ya amince da wannan ƙa'ida.

Daga nan aka shiga ciniki. Sai a ranar 10 ga Disambar 1982 aka sa hannu a kan babbar yarjejeniyar dokar teku a garin Montego Bay na Jamaika. A takarda dai, ƙasashe masu tasowa sun ci riba sosai. An ce duk wanda ya nemi fili don binciken ma'adinai sai ya kawo fili biyu masu daraja ɗaya, a ba shi ɗaya, a ajiye ɗayan don talakawan ƙasashe. An ce za a kafa kamfanin haƙa na duniya baki ɗaya wanda zai yi aiki a madadin kowa, har da ƙasashen da ba su da gaɓar teku irin su Nijar da Chadi. Mafi girma kuma, an wajabta wa kamfanonin da suka mallaki fasahar haƙa su sayar wa wannan kamfani na kowa da kowa fasaharsu a kan farashi na adalci.

Wannan sharaɗi na ƙarshe yana cikin abubuwan da suka ɓata wa Amurka rai. Gwamnatin Ronald Reagan ta ƙi sa hannu, Birtaniya da Jamus ta Yamma suka bi sahu. Yarjejeniya ta zauna shekara 12 ba ta fara aiki ba. Da aka ga babu yadda za a yi ba tare da masu kuɗi ba, sai a Yulin 1994 aka yi wata ƙarin yarjejeniya da ta cire tilascin miƙa fasaha, aka mayar da shi zancen a saya a kasuwa ko a yi haɗin gwiwa. A Nuwambar wannan shekara dokar ta fara aiki, aka kafa hukumar kula da ƙasan teku ta duniya a Kingston, babban birnin Jamaika. Amurkar da aka yi wa wannan rangwame har yau ba ta shiga ba. Shi kuwa kamfanin da aka ce zai haƙo mana rabonmu, ko jirgi ɗaya ba shi da shi.

To a cikin duk wannan kai-komo akwai ƙasa ɗaya matalauciya da ba ta tsaya jiran a miƙa mata komai ba, kuma ita ce ainihin dalilin wannan rubutu.

Tsakanin 1959 da 1965 an yi wani gagarumin aikin haɗin gwiwa na nazarin Tekun Indiya, da jiragen bincike sama da 40 daga ƙasashe daban-daban. Indiya ta shiga da ɗan abin da take da shi, har da jirgin sojan ruwanta mai suna Kistna. Matasan masananta suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da baƙi, suka koyi awon zurfi da ɗibar samfurin laka da ruwa. Abin da ya bambanta Indiya shi ne abin da ta yi bayan baƙin sun tattara kayansu sun tafi. Ba ta bar waɗannan matasa sun watse cikin ma'aikatu suna tura fayil ba. Ranar 1 ga Janairun 1966 ta kafa musu cibiyar nazarin teku ta ƙasa, wadda mazauninta yake jihar Goa, a ƙarƙashin jagorancin N. K. Panikkar. Ku tuna a daidai wannan lokaci Indiya tana dogara da alkamar tallafi daga Amurka don ciyar da jama'arta. Wato ba wai ta ƙoshi ne ta ce bari ta yi nishaɗi da kimiyya ba.

Shekara goma cibiyar tana aiki ba ta da babban jirgin bincike nata na kanta. Da ta tashi samu kuma ba sabo fil aka yi mata oda ba. Wani jirgin kwasar laka ne aka yi wa kwaskwarima a Kalkata, aka sa masa ɗakunan gwaji, aka raɗa masa suna Gaveshani. Hausawa suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Da wannan jirgi ne a ranar 26 ga Janairun 1981, ranar bikin zamowar Indiya jamhuriya, masana a ƙarƙashin S. Z. Qasim suka jawo curin ma'adinai na farko daga ƙasan Tekun Indiya da hannunsu. A wannan shekarar Indira Gandhi ta kafa sashen gwamnati na musamman don harkar teku, a 1983 kuma suka karɓi sabon jirgin bincike, Sagar Kanya, ƙirar Jamus ta Yamma.

Ku lura da lokacin. Ana dab da rufe cinikin dokar teku ne, kuma an amince cewa waɗanda suka riga suka kashe aƙalla dala miliyan 30 a binciken ma'adinan ƙasan teku za a ba su matsayin 'yan sahun farko. Da aka zo lissafa sunayen ƙasashe a 1982, sai ga Faransa da Japan da Tarayyar Sobiyet, sai kuma Indiya. A Agustan 1987 ita ce ta fara yin rajista a duniya, aka ware mata fili mai faɗin murabba'in kilomita 150,000 a tsakiyar Tekun Indiya. Bayan ta yi bincike ta mayar da rabi kamar yadda doka ta tanada, a 2002 ta sa hannu a kan kwangilar sauran 75,000. Saboda haka lokacin da aka soke tilascin miƙa fasaha a 1994, abin bai girgiza ta ba, domin shekara guda kafin nan ma ta riga ta kafa wata cibiyar a birnin Chennai, mai aikin ƙera na'urorin teku kawai. A 2021 gwamnatinsu ta amince da wani shiri na rupi biliyan 40 da ɗoriya, wanda ya haɗa da ƙera jirgin nutso da zai kai mutum uku zurfin mita 6,000. Chana ma ta bi irin wannan hanya, ta yi rajista a 1991, a 2012 kuma jirgin nutsonta ya kai mita 7,062.

Su kuwa filayen da aka ajiye don talakawa, ga yadda ta kaya da su. Nauru tsibiri ne a Tekun Fasifik, mutanensa ba su wuce kimanin 12,000 ba. A 2011 ta tsaya wa wani kamfani aka ba shi kwangila a cikin irin wannan fili, kuma kamfanin reshe ne na wani da yanzu hedikwatarsa ke Kanada. Suna na Nauru, jirgi da na'ura da bayanan bincike na wasu. Papua New Guinea kuwa tata ta fi muni. Ta ba wani kamfani lasisin haƙa a cikin ruwanta a zurfin mita 1,600, gwamnati ta zuba sama da dala miliyan 100 don ta mallaki kashi 15 cikin ɗari, a 2019 kamfanin ya durƙushe ba a haƙo komai na sayarwa ba. A nawa ganin, ƙasar da ba ta da masanan da za su karanta rahoton kamfani su ce nan gaskiya ne, nan kuma cika baki ne, duk takardar da aka miƙa mata sa hannu kawai za ta yi.

Wani bincike da aka wallafa a 2025 ya tattara bayanan nutso sama da 43,000 tun daga 1958. Ya nuna cewa abin da idon ɗan Adam ko kyamara ya taɓa gani na ƙasan teku mai zurfi bai kai kashi 0.001 cikin ɗari ba, kuma kashi 97 cikin ɗari na wannan nutso ƙasashe biyar ne suka yi shi: Amurka, Japan, New Zealand, Faransa da Jamus. A Afrilun wannan shekarar dai Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin da ke buɗe wa kamfanoni ƙofar neman izinin haƙa daga Amurka kai tsaye, ba tare da bi ta Kingston ba. Abin da Pardo ya ji tsoro kenan.

Mu dawo gida. Najeriya ta kafa cibiyarta ta binciken teku a Legas tun 1975, shekara tara kacal bayan ta Indiya, kuma ta tabbatar da dokar teku a 1986. Wani ɗan Ghana, Nii Odunton, ya shugabanci hukumar ta Kingston daga 2009 zuwa 2016. Duk da haka, a cikin kwangilolin bincike kimanin 30 da hukumar ta bayar, babu ko ɗaya da wata ƙasar Afirka ta tsaya wa. Abin da muke samu shi ne guraben horo, domin doka ta wajabta wa masu kwangila su ɗauki 'yan ƙasashe masu tasowa a jiragensu. Horon yana da amfani, ba na raina shi. Amma mu da muke aikin gwamnati mun san yadda ake yi: a tura mutum wata biyu, ya dawo da satifiket da hotuna, ya tarar babu na'urar da zai taɓa, bayan shekara guda a yi masa canjin wurin aiki zuwa sashen da ba ruwansa da abin da ya koyo. Wani lokacin ma sunan da ke kan takardar tafiya ba na mai aikin ba ne. Kuɗin manyan ayyuka kuwa sai shekara ta kusa ƙarewa a saki ɗan wani abu, alhali jirgin bincike kullum cin mai da gyara yake, ko yana tafiya ko yana ɗaure.

A 2023 an ƙirƙiri ma'aikatar harkokin teku ta tarayya. A 2024 kuma aka sanar cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince Najeriya ta ƙara murabba'in kilomita 16,300 a kan yankinta na ƙasan teku, bisa buƙatar da aka shigar tun 2009. Wurin ya ninka jihar Legas kusan sau biyar, kuma yana can nesa da gaɓa, bayan mil 200 na teku. Ni dai idan kasafin kuɗi ya fito, ba yawan taruka da tafiye-tafiyen ƙaro ilimi zan duba ba. Zan nemi layin da ya nuna kwana nawa aka biya wa jirgin bincike ya yi a kan ruwa a shekara, da kuma masana nawa 'yan ƙasa aka tanadar wa kuɗin zama a cikinsa su je su auno wannan sabon fili.