Wa Ke Zaɓa Wa Yaro Hanya Bayan Sakandare?



Wani zuwa da na yi gida Daura hutun babbar salla, na tarar da wani yayana a zaure ransa a ɓace. Ya ce shekara shida yana zuba kuɗi a wata makarantar kuɗi, ga shi ɗansa ya gama bai sami gurbin karatun likita ba. Ya ce, "To ina amfanin malamin ba da shawarar da suka ce suna da shi?" Na ba shi haƙuri, amma maganar ta tsaya mini a rai, don ni ma abin ya taɓa cina. Shi ya sa na ga ya kamata mu waiwayi baya, mu ga wane ne ke zaɓa wa yaro hanya a da, kuma yaya aka yi nauyin ya komo inda yake.

A zamanin Turawa iyayenmu ba su sa ran komi daga boko. Kakana yakan ba mu labarin yadda ake ɓoye yara a rumbu idan dagaci ya zo neman waɗanda za a kai elementare. Wanda kuwa aka kama, to hukuma ce uwarsa da ubansa. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, don horar da malamai aka kafa ta, saboda haka Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk da koyarwa suka fara aiki. Bayan da aka haɗa Daura da Katsina a lardi ɗaya a 1934, hanyar ɗan Daura a shimfiɗe take: elementare a gida, sai Midil ta Katsina. Daga nan hedimasta da En'e su duba inda ake bukatar mutum, ko malanta, ko malamin asibiti, ko malamin gona, ko akawu. Marigayi Muhammadu Buhari ma ta nan ya bi, daga Daura da Mai'aduwa zuwa Midil a 1953, sannan Sakandaren Lardi har 1961. Zaɓi kaɗan ne, amma ba a barin yaro ya yi ta lalube cikin duhu.

Ba da shawara a matsayin aiki na musamman kuwa daga Kudu ya faro. A 1959 wasu mata masu aikin mishan a Kwalejin St. Theresa ta Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban don su yi wa 'yan ajin ƙarshe bayanin sana'o'i. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta zo ta tanadi a riƙa sa malaman ba da shawara a makarantun gaba da firamare.

To, a nan ne abubuwa biyu suka sauya lissafi. Na farko, an kafa hukumar JAMB a 1978. Kafin nan kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta, daga nan kuwa sai ya zama fom ɗaya ne, jarrabawa ɗaya, darussa huɗu. Na biyu, tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya raba sakandare gida biyu, ya zamana da yaro ya gama aji uku sai ya tsai da ko kimiyya, ko adabi, ko kasuwanci. Wato zaɓin da a da hedimasta da En'e ke yi, an ɗora shi a kan yaro ɗan shekara 14 ko 15, wanda sau da yawa abin da ya dame shi kawai shi ne kada a raba shi da abokinsa.

Ni shaida ne. Lauya na so zama tun ina ƙarami, amma da muka shiga aji huɗu sai na watsar da Adabin Turanci, don littattafan sun yi mini yawa. Ba wanda na tambaya, ban kuwa san akwai abin tambaya ba. Sai ranar cika fom ɗin JAMB na gani ƙuru-ƙuru a littafin hukumar cewa ba a karanta shari'a sai da shi. Na ƙare a Sha'anin Mulki, alhamdu lillahi ga shi muna cin abinci da shi. Amma magana ce ta minti biyar da ta tsare ni.

Yanzu da makarantun kuɗi suka yawaita, uban da kakansa ya ɓuya a rumbu shi ne ke sayar da buhunan gero ya biya kuɗin zango. Wannan ci gaba ne, ba ja. Sai dai da yawa daga cikinmu mun ɗauka gurbin jami'a muka saya. Malamin ba da shawara ba ya ba da gurbi. A jami'o'in tarayya an daɗe ana raba gurabe ne kashi 45 bisa ɗari don cancanta, 35 don jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 don jihohin da aka bari a baya a ilimi, har da Katsina. Daga 2005 jami'o'i suka ƙara tasu tantancewar, a 2015 kuma jarrabawar ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya. Babu shugaban makarantar da ke da iko da ko ɗaya a cikin waɗannan.

Abin da ya kamata uba ya tsare makaranta a kai ya fi wannan sauƙi. Shin an zauna da yaron tun yana aji uku? An gaya masa likita sai da Fizik da Kemistiri da Bayoloji, injiniya kuma sai da Lissafi? Ya taɓa sa hannu a kan kwamfuta kafin ranar jarrabawa? Wanda ya fi duka wuya, akwai malamin da zai iya duban idon uba ya ce, "Alhaji, yaronka ba nan ƙarfinsa yake ba"? Makarantar da ke tsoron kada a cire mata yaro da wuya ta faɗi haka.

Ƙofofi kuwa sun ƙaru. Iyayenmu Zariya suka sani, inda aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Mu muna da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa tun 2006 da ta Dutsin-Ma tun 2011, a Daura kanta ga Kwalejin Yusuf Bala Usman, ga Foliteknik ta Tarayya, ga Jami'ar Sufuri wadda aka aza harsashinta a 2019.

Da na zauna da ɗan yayan nawa, ashe shi jini ma ba ya son gani. Lissafi ne gwaninsa, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa, har da ni kawunsa. Ya sake zama jarrabawar, ya cika injiniya.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyarmu shi ne, a taronmu na gaba a ware yini guda mu koma makaranta, likitanmu da lauyanmu da malaminmu da ɗan kasuwarmu, mu zauna da 'yan aji uku, a kuma gayyato iyayensu. Ni na ɗauki nauyin kawo littafin JAMB.