Wa'adi da Asusu: Nazarin Dokokin Makamashi Uku na Nijeriya, 2021 zuwa 2023

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci ƙudurori uku da Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta amince da su suka zama doka: Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021, Dokar Sauyin Yanayi ta 2021, da Dokar Wutar Lantarki ta 2023. An auna kowacce da tambaya guda: daga ina kuɗin aiwatar da ita zai fito? Binciken ya nuna cewa neman sabon mai ya samu kaso tsayayye a cikin doka, makamashi mai tsafta kuwa wa'adi ya samu.

Gabatarwa

A taron sauyin yanayi na Gilasgo, cikin Nuwamban 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin cewa nan da 2060 hayaƙin da Nijeriya ke fitarwa ba zai zarce wanda ake shanyewa ba. A cikin watan ne ya rattaba hannu kan Dokar Sauyin Yanayi, ƙudurin da Sam Onuigbo ya gabatar a Majalisar Wakilai. Shirin Sauya Makamashi da aka ƙaddamar a Agustan 2022 ya ƙiyasta cewa tafiyar za ta ci dala tiriliyan 1.9, ciki har da biliyan 410 ƙari a kan abin da aka saba kashewa. Da wannan adadi ya kamata a karanta dokokin.

Inda kuɗin yake

Dokar Sauyin Yanayi ta kafa majalisa ƙarƙashin shugaban ƙasa, ta tanadi kasafin hayaƙi, ta kuma ɗora wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama nauyin rage abin da suke fitarwa. Ta buɗe asusu, amma hanyoyin cika shi su ne abin da Majalisar Dokoki ta ga dama ta ware, da tallafin ƙetare, da tara, da harajin hayaƙi. Babu ko ɗaya a ciki da ke da adadi tsayayye.

Dokar man fetur, wadda ta riga ta da wata uku kacal, ba ta bar wannan ƙofa a buɗe ba. Ta yanke kashi 30 cikin 100 na ribar mai da gas da kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ke samu daga kwangilolin rabon riba, domin neman mai a sababbin wurare irin su tafkin Chadi da kwarin Binuwai. A Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe. Ba a raina burin Arewa na samun arzikin ƙasa, kuma hujjar cewa gas ya fi gawayi da dizal tsafta tana da ƙarfi. Abin lura shi ne majalisa ɗaya, a shekara ɗaya, ta san yadda ake ɗaure kuɗi da doka, sai ta yi hakan a ɓangare guda.

Dokar lantarki ta Yunin 2023 ta fi ba da fata. Bayan gyaran tsarin mulki na Maris ɗin shekarar, jihohi sun samu ikon kafa kasuwar wutarsu, an kuma ba hukumar kula da lantarki ta NERC hurumin wajabta sayen wutar da ake sabuntawa. Sai dai tarihi yana gargaɗi. A 2016 an ƙulla yarjejeniya da kamfanonin sola 14 kan megawat 1,125, aikin ya cije a kan batun garanti da farashi. Tashar Kumbotso ta Kano da aka buɗe a Janairun 2023 megawat 10 ce. Jihar da kuɗin shigarta bai wuce albashi ba, da me za ta tsaya wa mai zuba jari?

A halin yanzu jama'a na yin nasu sauyin da aljihunsu. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ana ganin mai kanti ya ture janareto gefe, ya jera faifan sola kan rufin kwano, batir a ƙarƙashin teburin ciniki. Wanda bai da jarin saye a dunƙule yana nan yana auna fetur lita-lita.

Girki

Nan ne giɓin ya fi ciwo. Matar da gas ɗin silindarta ya ƙare ta koma sayen gawayi a ƙullin leda, tana fifita murhu da goyo a bayanta, hayaƙi na shiga ƙirjinsu su biyu, dajin kuma na ƙarewa. Abin da ya fi kusa da ita a dokokin uku shi ne asusun kayayyakin aikin gas na dokar man fetur, mai karɓar rabin kashi ɗaya cikin 100 na farashin sari na mai da gas, kuma bututu da rumbunan ajiya ya fi shafa. Manufar girki mai tsafta da Majalisar Zartarwa ta amince da ita a 2024 manufa ce, kowace gwamnati na iya jingine ta ba tare da ta koma zauren majalisa ba. Gyaran da ake bukata shi ne a ware wa asusun sauyin yanayi kaso tsayayye daga kuɗin mai, a ambaci girki da sola ta ƙauye da sunansu a cikin dokar.