Ma'aunin Tashen Waƙa: Kwatancen "Maria Magdalena" ta Sandra da "Bakandamiya" ta Narambaɗa

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta hanyoyin auna karɓuwar waƙa a al'ummu biyu: jadawalin ciniki na Turai, da shaidar fada da bakin jama'a a ƙasar Gobir. An ɗauki waƙar Bajamushiya Sandra ta 1985, aka jera ta da "Bakandamiya" ta Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Nazarin ya nuna cewa jadawali tashe yake aunawa, ma'aunin Gobirawa kuwa ɗorewa, kuma alƙaluman intanet na yau ba su ƙirga yawancin masu saurare a Isa da Sabon Birni.

1.0 Gabatarwa

Da me ake gane waƙa ta yi nasara? Manazarta waƙar baka, irin su Sa'idu Muhammad Gusau da Aliyu Muhammad Bunza, wanda ya fitar da littafi sukutum a kan Narambaɗa a 2009, sun yi aiki mai yawa a kan turke da salo. Batun yadda ake auna karɓuwa shi ne abin da wannan maƙala ta sa a gaba, ta hanyar kwatanta kayan kiɗa, hanyar yaɗuwa da irin sakamakon da mawaƙi ke samu.

2.0 Sandra da Jadawalin Ciniki

An haifi Sandra a Saarbrücken a 1962, ta fara suna a ƙungiyar Arabesque kafin ta tsaya da ƙafarta. Michael Cretu, haifaffen Romaniya, shi ya haɗa mata kiɗan "Maria Magdalena" da na'urar da Hausawa ke kira fiyano. Da Ingilishi ta rera, domin kasuwar ƙetare aka nufa. Waƙar ta yi mako tara a saman jadawalin Jamus ta Yamma, ta kuma zo ta ɗaya a Austiriya da Suwizalan da Suwidin. Bidiyo ya taimaka ƙwarai, don tun buɗe tashar MTV a 1981 ido ya shiga aikin kunne: mai saye yakan ga fuskar mawaƙiya a talabijin kafin ya je kanti. A wannan tsari, kowane faifai da aka saya ƙuri'a ce, ana ƙirgawa mako-mako.

3.0 Narambaɗa da Ma'aunin Fada

Narambaɗa mutumin Tubali ne, makaɗin kotso, ubangidansa kuwa Sarkin Gobir na Isa Amadu. Kotso baki ɗaya gare shi, da hannu ake kaɗa shi, ana liƙa masa nake a tsakiyar fata don zaƙin amo. Makaɗi ya durƙusa gaban sarki, ya ɗauko ɗiya, 'yan amshi su karɓe, sanƙira na ƙara gishiri. Nan take ake yanke hukunci: idan waƙa ta ratsa, sai a ga riga ko rawani, wani lokaci har doki da kayansa. Babu mai riƙe da alƙalami yana lissafi, amma fadawa ba su mantuwa.

Mataki na biyu shi ne bakin jama'a. Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960, bai ga zamanin bidiyo ba, amma gidajen rediyon Kaduna da Sakkwato da kaset sun kai muryarsa inda ƙafarsa ba ta taka ba. Babbar hujja tana cikin harshen Hausa kansa. A yau duk aikin da ya fi sauran ayyukan mai fasaha, waƙa ce ko littafi ko fim, sai a ce shi ne bakandamiyarsa. Waƙar da sunanta ya zama mudun awon sauran ayyuka ta kai wani matsayi da jadawali ba shi da gurbin rubuta shi.

4.0 Zamanin Fiyano da Waya

Daga shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya mamaye ɗakunan haɗa kiɗa na Kano, waƙa ta haɗe da hoto ta hanyar finafinai. "Jaruma" ta Hamisu Breaker, wadda ta yi tashe a 2020 lokacin kullen korona, ta nuna cewa Hausawa ma sun shiga zamanin ƙirga kallo. Dama mujallar Billboard, mai fitar da jadawalin waƙoƙi, ta fara sa kallon YouTube cikin lissafinta tun 2013.

Sai dai a gabashin Sakkwato akwai giɓi. Saurayi zai kai wayarsa rumfar mai caji a kasuwa, ya biya 'yan kuɗi a cika masa memori, da yamma ya tura wa abokai ta Bluetooth a majalisa. Waƙa za ta zaga gari, har ta tsallaka zuwa Maraɗi, ba tare da na'ura ta ƙirga ko sau ɗaya ba. A Satumbar 2021, da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda 'yan bindiga, har da Isa da Sabon Birni, abin da ke cikin memori shi ya rage a hannun masu saurare.

5.0 Kammalawa

Jadawali ya adana mana labarin makonni tara na Sandra daidai wa daida, wannan kuwa abin koyi ne. Amma duk manazarcin da ya dogara da alƙaluman intanet kaɗai zai ɗauka Gobir ba ta sauraron waƙa. Muna ba da shawarar sassan Hausa na jami'o'inmu, musamman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su riƙa tattara bayanai daga masu tura waƙa, da shirye-shiryen zaɓen masu saurare, da tsofaffin 'yan amshi da fadawa. Rashin tsaro yana tarwatsa garuruwan da ke riƙe da wannan ilimi, kuma tsofaffin da suka ji kotson Narambaɗa da kunnensu ba su da yawa yanzu.