Ra'ayoyin Al'umma kan Gyaran Filayen Unguwa a Birnin Tamale: Shiga, Inuwa, Mallaka da Kulawa

Tsakure

Filayen unguwa a birnin Tamale na arewacin Gana wurare ne na ƙwallo, sallar idi, biki, zaman makoki da ƙananan sana'o'i. A 'yan shekarun nan an yawaita kawo shawarar gyara su ta hanyar kewaye su da shinge, shimfiɗa ciyawar roba, kafa fitilu da dasa itatuwa. Wannan maƙala ta duba yadda rukunonin al'umma ke kallon irin wannan gyara. An bi tarihin birnin, da dokokin ƙasa da na tsara gari, da yadda ake cin moriyar filayen a sa'o'in yini da lokutan shekara. An gano cewa saɓanin ra'ayi ya ta'allaƙa ne kan abubuwa huɗu: ikon shiga, inuwa, tabbacin mallaka, da ɗawainiyar kulawa. Matsayar maƙalar ita ce wajibi ne a ji ta bakin masu amfani da fili kafin a zana taswirar gyaransa.

1.0 Gabatarwa

Tamale ta fara bunƙasa ne daga shekarar 1907, lokacin da Turawan Ingila suka mayar da ita hedikwatar mulkin yankunan arewa. Ƙauyukan Dagomba da ke kewaye suka haɗe sannu a hankali suka zama unguwanni, fatake kuma, ciki har da Hausawan da suka watsu bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, suka kafa zango. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum 374,744 a yankin Majalisar Birnin Tamale, da wasu 341,711 a Sagnarigu, wadda aka cire daga Tamale a 2012 amma gine-ginensu suna manne da juna.

Wannan yawa ya sa fili ya yi tsada. Gonakin da ke tsakanin unguwanni sun zama fuloti, abin da ya rage na sarari kuwa shi ne harabar makarantu, da gaban gidajen sarauta, da 'yan filayen ƙwallo na jar ƙasa. Duk shawarar da ta taɓa ɗaya daga cikinsu ta taɓa rayuwar dubban mutane, shi ya sa ra'ayinsu ya cancanci nazari.

2.0 Ra'i da Dabarun Bincike

An ɗora nazarin a kan ra'i biyu. Na farko shi ne tsanin da Sherry Arnstein ta zana a 1969, mai matakai takwas, wanda ya bambanta sanar da jama'a abin da aka riga aka yanke da ba su hannu a cikin yanke shawarar. Na biyu shi ne aikin Elinor Ostrom na 1990 kan dukiyar tarayya, wanda ya nuna cewa irin wannan dukiya takan ɗore idan masu cin moriyarta suna da hannu wajen kafa ƙa'idojinta da sa mata ido.

Ta fuskar dabara, an kasa masu amfani da filayen rukuni-rukuni bisa abin da ke kai su wurin da lokacin da suke zuwa, sannan aka auna kowane nau'in gyara da buƙatar kowane rukuni.

3.0 Yanayin Filayen Tamale

Filayen birnin hawa uku ne. A sama akwai Filin Wasa na Aliu Mahama, wanda aka gina domin Gasar Cin Kofin Nahiyar Afirka ta 2008, inda kuma aka yi faretin ranar 'yancin kai na ƙasa a ranar 6 ga Maris 2019, karo na farko a wajen babban birnin ƙasar. A tsakiya akwai Filin Jubili, wanda ya samo sunansa daga bikin cikar Gana shekara 50 da samun 'yanci a 2007, kuma a nan ake fareti, taron siyasa da sallar idi. Sai Filin Kaladan, tsohon gidan ƙungiyar Real Tamale United, wadda Abedi Pele ya taka wa leda a farkon tasowarsa. A ƙasa kuwa akwai filayen unguwanni irin su Aboabo, Sabonjida, Lamashegu, Choggu da Kalpohin, waɗanda yawancinsu ba su da suna a takarda.

Fili na hawa na uku shi ne abin nazari a nan. Baƙo kan gan shi kango, alhali yana da jadawalin da kowa ya sani ko da ba a rubuta ba. Da asuba hanya ce ta masu zuwa masallaci da kasuwa. Da hantsi 'yan makaranta ke wasa, mata kuma su shanya shinkafar da suka turara ko gyaɗa ko ƙwarar kaɗanya. Bayan la'asar na 'yan ƙwallo ne, da dare kuma na masu shayi da majalisar samari. A ƙarshen mako a kafa rumfuna domin ɗaurin aure ko addu'ar bakwai da ta arba'in. Gabanin babbar salla masu raguna su ɗaure dabbobinsu a gefensa, lokacin bikin Damba ko na Bugum kuma taro ya ratsa ta cikinsa.

Yanayin sama ma yana da tasiri. Damina ɗaya ce, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, da ruwan da ya kai kimanin milimita 1,000 a shekara. Hunturu na zuwa da ƙura, a watan Maris kuma zafi kan kusanci digiri 40. Ruwan famfo, wanda ake tacewa a Dalun, ba ya wadatar birnin, kuma unguwanni da yawa kan yi kwanaki ba su gan shi ba.

4.0 Sakamakon Bincike

4.1 Ikon shiga

Matasa 'yan ƙwallo su ne kan gaba wajen goyon bayan gyara. Jar ƙasa mai tsakuwa tana jawo rauni, da damina ta yi caɓi, da rani ta yi ƙura. Tun da aka kafa Asusun Raya Zanguna a ƙarƙashin doka mai lamba 964 ta 2017, wanda ya gina filayen ciyawar roba a wasu zanguna na ƙasar, irin wannan fili ya zama ma'aunin ci gaba a idon samari, kuma alkawari mai farin jini a bakin 'yan takara.

Sai dai ciyawar roba takan zo da shinge, shinge ya zo da ƙofa, ƙofa ta zo da makulli da kuɗin haya. A nan ra'ayi ke rabuwa ko a tsakanin matasan kansu. Ƙungiya mai ubangida da riguna tana iya biya ta kama lokaci. Yaran da ke buga ƙwallo ba takalmi su koma kan titi, inda babura da kekuna masu ƙafa uku ke kai da kawo. 'Yan mata masu wasan ampe ba su da gurbi a fili mai layin ƙwallo kaɗai.

Mata masu sana'a suna kallon lamarin ta wata fuska. Mai koko da ƙosai ko mai shinkafa da wake a bakin fili tana maraba da fitila da banɗaki, domin suna ƙara mata ciniki da kwanciyar hankali da dare. Fargabarta ita ce a tashe ta da sunan tsafta, ko a rufe 'yar hanyar da ke rage mata nisa zuwa famfo da injin niƙa. Mai shanya kuwa ba ta da madadi, domin tsakar gidan haya ba ta ɗaukar buhu biyu na shinkafa.

4.2 Inuwa

Ga dattawa, darajar fili tana ga itatuwansa. A ƙasar Dagomba, kamar a ƙasar Hausa, ƙarƙashin bishiya majalisa ce, a nan ake sasanta rigima, a karɓi gaisuwar mutuwa, a jira lokacin salla. Gyaran da zai sare darbejiya ko maɗaci domin faɗaɗa filin wasa hasara ce a wurinsu komai kyan abin da aka kawo. Suna da hujja ta zahiri, domin ciyawar roba da siminti suna ɗaukar zafi fiye da ƙasa, har su gagari taku da tsakar rana.

Ciyawa mai rai, irin wadda ake gani a zanen injiniyoyi, tana son ban ruwa na wata shida a garin da ake sayen ruwan sha a jarka. Da wuya jama'a su yarda a shayar da ciyawa alhali tukwanensu a bushe. Itace mai jure fari ya fi dacewa, amma shi ma yana da sharaɗi. Shirin dashen itatuwa na ƙasa da aka fara ranar 11 ga Yuni 2021 da burin dasa miliyan 5 ya sake fito da tsohuwar matsala: dashe da sauƙi, raino da wuya. Awaki da tumaki suna yawo sake a unguwanni, kuma dashen da ba a kange shi ba, ba a kuma ɗora wa wani alhakin ba shi ruwa ba, ba ya ganin damina ta biyu.

4.3 Tabbacin mallaka

Tsarin mulkin 1992 ya tabbatar da mayar da ƙasar arewa hannun masu ita na asali, bayan ta daɗe a hannun gwamnati tun zamanin Turawa. A Tamale wannan na nufin sarakunan da ke ƙarƙashin Ya-Na na Yendi, babban sarkin Dagomba, irin su Gulkpe Naa da Sagnari Naa, da sarakunan unguwanni, su ne ke raba fili, majalisar birni kuma ita ke tsara abin da za a yi a kai. Idan hannun biyu ba su haɗu ba, wurin da taswira ta ware domin wasa yakan wayi gari da tubali a kusurwarsa.

Wannan ne ya sa mazauna unguwa ke da ra'ayi mai fuska biyu game da shinge. Wasu na ganinsa garkuwa, domin filin da aka kewaye ya fi wuyar yankawa. Wasu na ganinsa matakin farko na ƙwace, musamman idan shirin ya haɗa da jera shaguna a gefe domin samun kuɗin shiga. Masu wannan fargaba suna da abin nuni a wasu biranen: a Kano an gina shaguna a filin idi na Ƙofar Mata, aka rushe su a watan Yunin 2023, 'yan kasuwa suka tafka hasara.

Doka tana gefen jama'a. Dokar Tsara Amfani da Ƙasa mai lamba 925 ta 2016 ta sa sauya manufar filin jama'a ya dogara da amincewar majalisar dokoki ta ƙasa, Dokar Ƙasa mai lamba 1036 ta 2020 kuma ta ɗauki sarki a matsayin mai riƙon amana wanda za a iya tambayarsa ba'asi. Amma kariyar tana aiki ne sosai a kan filin da aka auna aka yi wa rajista, abin da filayen unguwa da yawa suka rasa.

4.4 Ɗawainiyar kulawa

Maƙwabtan fili su ne suka fi yin tambayar da ba a cika amsawa a ranar buɗe aiki ba: wa zai kula? Fitila ta mutu, wa zai sauya ƙwai? Banɗaki ya cika, wa zai kwashe? Sashen Lambuna na gwamnati, wanda ke nan tun zamanin Kwame Nkrumah, da majalisar birni suna da nauyi a wuyansu, amma kuɗin da ke zuwa daga asusun bai ɗaya na gundumomi yana da masu jira da yawa: shara, magudanar ruwa, makarantu. Filin da aka gyara aka bari yakan zama juji ko maɓoyar masu shan ƙwaya, abin da malamai da iyaye ke tsoro tun da matsalar taramol ta addabi matasan arewa. Su kuma malamai sukan ƙara da sharaɗin kiyaye lokutan salla da taƙaita kiɗa da dare.

5.0 Tattaunawa

Idan aka haɗa ra'ayoyin, za a ga babu rukunin da ke ƙin gyara. Abin da kowa ke karewa shi ne rabonsa na lokaci da wuri. Fili na gargajiya yana ɗaukar amfani goma domin babu abin da aka kafe a cikinsa. Gyaran zamani yakan zaɓi amfani ɗaya ya zuba masa kuɗi, sauran tara su nemi wani wuri. Muradin Ci Gaba Mai Ɗorewa na 11, wanda ƙasashen duniya suka amince da shi a 2015, ya ambaci mata, yara, tsofaffi da masu naƙasa a kan batun filayen jama'a, kuma su ne waɗanda shinge da kuɗin ƙofa suka fi fitarwa.

A ma'aunin Arnstein, taron da ake kira bayan an gama zane an ba da kwangila yana matakan ƙasa na tsani, ko da an cika rumfa da jama'a. Haka kuma taron gaban fada, duk da darajarsa, yakan zama na maza manya. Mace ko yaro ba sa katse dattijo. Tamale tana da hanyoyin da za su cike wannan giɓi: magajiyoyi masu jagorantar mata, sarakunan zango, limamai, shugabannin ƙungiyoyin ƙwallo, wakilan unguwa a majalisar birni da kwamitocin da ke ƙarƙashinsu bisa Dokar Ƙananan Hukumomi mai lamba 936 ta 2016.

6.0 Kammalawa

Nazarin ya kai ga jeri na matakai wanda tsarinsa ke da muhimmanci. Da farko a auna fili a yi masa rajista da sunan al'umma, da sa hannun sarki da majalisar birni. Na biyu a rubuta jadawalin amfaninsa na yini da na shekara, a zauna da mata daban, matasa daban, dattawa daban, cikin Dagbanci da Hausa. Na uku a fara da abin da kowa ya yarda da shi: itatuwa masu kariya, magudanar ruwa, fitilu masu aiki da hasken rana, banɗaki da wurin alwala. Idan za a shimfiɗa ciyawar roba, a bar wani sashe a buɗe domin taro da shanya, a ware sa'o'in da yara za su shiga kyauta. Na ƙarshe a kafa kwamitin kulawa daga cikin masu amfani da filin, mai bayyana kuɗin da ya shiga da wanda ya fita a gaban jama'a. Filin da mutanen unguwa suka sa hannu a tsarinsa, su ne za su fara tsayawa idan aka zo da tubali.