Ɗakin Jariri a Kano: Daga Gadon Jego Zuwa Gidajen Unguwa Uku

A tsarin gidan Bahaushe na dauri babu wani ɗaki da ake keɓe wa jariri. Ɗakin uwa shi ne ɗakin ɗa, kuma adon da jariri yake buɗe ido ya gani shi ne jeren da aka kawo uwarsa da shi ranar aure. Idan haihuwar fari ce, a gidan iyayenta ma za a haife shi, saboda al'adar goyon ciki. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954, ya bayyana irin wannan zama a ƙasar Zazzau.

Abin da haihuwa take ƙarawa a ɗakin kaɗan ne: gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, da zannuwan goyo da majanyi, da turare. Ƙasa an yi mata daɓe, bango kuwa ya sha farar ƙasa, ga ƙorai da faya-fayai da tasoshi a jere. Ranar suna, watau kwana bakwai da haihuwa, mata 'yan barka sukan auna darajar dangin mai jego da wannan jere.

Jeren kansa bai tsaya wuri ɗaya ba. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kwanukan Turai suka fara ture ƙwarya, sa'an nan masana'antun Bompai suka wadata kasuwa da langa da kwalla. Gadon ƙarfe mai rumfa ya shigo, daga baya kabad ya haɗiye kwanukan duka.

Babban canji ya zo ne da faɗaɗar birni. Da aka ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, aka kuma sami kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na 1974, sai ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta gini a bayan ganuwa, ta hanyar Zariya. Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Unguwa Uku suka cika da gidajen bulo da siminti, masu falo da ɗakunan kwana a ƙarƙashin rufi ɗaya. A irin wannan gini ba a hura wuta a ƙarƙashin gado. Daɗin daɗawa, a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun danganta yawan ciwon zuciya ga masu jego da kunun kanwa da kwanciya a gado mai zafi. Nan gadon jego ya fara ja da baya.

A gurbinsa ne ƙaramin gadon katako ya shigo, tare da labule da fenti masu dacewa da na falo, har wasu masu hali suka ware wa jariri ɗaki sukutum. To, amma tsohon ɗaki ba don kallo kawai aka tsara shi ba. Ya tanadi ɗumi, ya kuma ajiye ɗa kusa da nonon uwa da idon kaka. Wanda ya kori hayaƙi da kanwa ya yi daidai, muddin bai kori wannan kusanci tare da su ba. A gari mai zazzaɓin sauro kuwa, duk kyan labule, gidan sauro ake fara ratayawa.